Baba Fes da Ƙurajen Auta

A ƙarshen layin da ke bayan kasuwa, tsakanin shagon tela da wani ɗakin ajiya da ba a cika buɗe shi ba, akwai shagon wani mai wanki da guga da kowa ke kira Baba Fes. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk sa'ad da zai miƙa wa mutum kayansa, sai ya ɗora su bisa tafukan hannunsa, ya ɗan taɓa na sama da yatsa, ya ce, "Fes." Ba ya ƙara wata kalma, ba ya kuma tsayawa jiran godiya. Tun yana da baƙin gashi yake faɗin haka, har kalmar ta danne sunansa na ainihi, ta kai ga matarsa ma da ita take kiransa idan ya ɓata mata rai.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, da kawun ya tsufa kuma ya bar masa shagon da duk abin da ke ciki: teburin guga mai shimfiɗe da tsohon bargo, baho babba da ƙarami, da dutsen guga na gawayi wanda har yau bai yarda ya jefar ba, domin a cewarsa wutar lantarki ba ta da alkawari. A kan kanta an jera sabulu da bula da sitaci, sai buroshi iri-iri, tun daga mai laushi kamar gashin jariri har mai taurin da zai iya kankare tsatsa. Bayan shagon filin shanya ne, daga filin kuma ƙofa ta shiga gidansa. Saboda haka 'ya'yansa cikin ƙamshin sabulu suka tashi, suna sunkuyawa ƙarƙashin zannuwan gadon mutane kafin su kai ɗaki.

Mutum ne dogo marar jiki, wanda tafukan hannunsa suka yi fari suka yamushe saboda daɗewa cikin ruwa. Farar riga kaɗai yake sawa, ko da ranar fasa gawayi ce, kuma babu mahalukin da zai ce ya taɓa ganin ɗigon wani abu a jikinta. A wurinsa kayan duniya kashi biyu ne, wanda aka wanke da wanda ba a kai ga wankewa ba. Bai yarda akwai tabo mai taurin kai ba, sai dai hannu mai ƙiwuya. Yana kuma da doka guda da 'ya'yansa suka haddace tun kafin su iya ɗaura zane ko ɓalla maɓalli: abu mai tabo ba ya fita ta ƙofar nan. Ko mai kaya yana tsaye yana rantsuwa mota za ta tashi ta bar shi, sai ya jira.

Babban abokin cinikinsa wani otal ne da ke bakin babban titi. Shekara da shekaru yana kai musu zannuwan gado da tawul, yana kwaso masu datti, kullum ta ƙofar baya, wadda ke dab da inda ake tara shara. Bai taɓa ƙorafi ba. Sai dai idan ya zo wucewa ta gaba yakan rage tafiya, ya leƙa ta gilashi, ya ga dogon teburin nan mai sheƙi inda ake karɓar baƙi, da makullai rataye a bayansa. Daga nan ya gyara ƙunshinsa a kafaɗa ya kewaya.

Manyan 'ya'yansa duk sun kama gabansu, saura Auta, yarinya mai sakin fuska da iya magana, wadda ta gama makaranta tana zaune tana taya uwarta aikin gida. Wata rana ciwon baya ya kwantar da Baba Fes, Auta ta kai kayan otal a madadinsa. Shugabar ma'aikata ta ji yadda take gaisuwa da yadda take ba da amsa, ta tambaye ta inda ta tsaya a karatu, ta ce ta dawo a gana da ita. Aka gana, aka ce ta zo ta fara aiki a teburin karɓar baƙi da zarar sabon wata ya kama.

Da labarin ya iso, Baba Fes ya fita a natse, ya tarar da Tela, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, yana fama da zare da kafar allura.

"Tela, daga wata mai zuwa, idan kana son ɗaki a otal sai ka nemi alfarma a wurina."

"Ni da ke da gida, me zan yi da otal? Ko sun gaji da zannuwanka ne sun ba ka gadi?"

"Auta ce. Ta ƙofar gaba."

Tela ya ajiye allura, ya miƙo masa hannu biyu. Ya ce shi zai ɗinka mata kayan aiki da kansa. "Kai kuma ka yi gugar, amma don Allah kada ka ƙona."

"Ranar da na ƙona kaya, ranar ɗinkinka zai zo daidai da awo."

Ƙuraje ba baƙi ba ne a fuskar Auta. Tun tana 'yar makaranta sukan fito ɗaya-ɗaya su koma. Amma a 'yan kwanakin nan sai suka zo da gayya, kamar su ma sun ji labarin aikin. Suka mamaye goshi, suka gangaro kumatu, suka yada zango a haɓa. Wata safiya ana karyawa, Baba Fes ya ajiye kofinsa, ya kama haɓar 'yarsa, ya juya fuskarta wajen haske, daidai yadda yake duba wuyan riga.

"Maiƙo ne da ƙura," in ji shi. "Sun kama ne saboda an bar su sun kwana. Wannan ba wani aiki ba ne."

"Baba, ina wanke fuskata fa."

"Kina dai shafa mata ruwa. Wanki daban."

"Malam," in ji matarsa, "fuskar mutum ce, ba wuyan riga ba."

"Datti ai datti ne, ko a ina ya sauka. Uwar Auta, ɗora mini ruwa."

Ya bi da fuskar kamar yadda kawunsa ya koya masa bi da farin kaya. Da fari jiƙo: tawul mai zafi, a lulluɓe fuska har ta yi laushi. Sa'an nan sabulun wanki, irin wanda ke fitar da baƙin mai daga rigar bakanike. Sa'an nan soso, a cuɗa daga gefe zuwa tsakiya don kada tabo ya yaɗu. Inda ya ƙi, a ɗiga ruwan lemon tsami, tun da shi ake cire tsatsa. Waɗanda suka yi farin kai kuwa, sai ya naɗe manyan yatsunsa da gogaggen hankici, ya bi su yana matsewa yana cewa ta daure. Bula da sitaci kaɗai ya bari a kan kanta, su ma matarsa ta rantse ta gan shi yana kallonsu.

Auta ta daure, domin tana son aikin, kuma tun da ta buɗe ido a duniya ba ta taɓa ganin tabon da ya gagari ubanta ba. Safe da yamma tana zaune bisa kujera 'yar tsugunno a filin shanya, hawaye na bin kumatunta saboda raɗaɗi, shi kuwa yana murzawa yana tabbatar mata raɗaɗin alama ce dattin yana fita.

Bai fita ba. Fuskar ta yi jawur, ta kumbura, fatar ta soma tsagewa a gefen hanci. Inda aka matse ƙaramin ƙurji sai wani ƙato ya taso daga ƙarƙashi, mai tauri, mai zafi ko iska ce ta taɓa shi. Baba Fes ya duba da kyau, ya yanke hukuncin da kowane mai wanki zai yanke, wato ba a cuɗa sosai ba. Ya shiga shago ya ɗauko buroshin nan mai laushi.

Auta ta dubi buroshin, ta dubi ubanta, ta tashi ta shige ɗaki ta sa sakata. Ya bi ta har bakin ƙofa.

"Auta, ruwa yana hucewa."

"Ya huce, Baba. Na fasa aikin. Idan ka kai kaya ka gaya musu su nemi wata."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Teburin karɓar baƙi ne fa, fuska ake fara gani. Kai ka ce abu mai tabo ba ya fita ta ƙofar nan. To, ga shi ba zai fita ba."

Dokar tasa ce, an kuma faɗe ta daidai.

Washegari Tela ya lura maƙwabcinsa yana guga ba tare da ya tanka wa kowa ba, har ya bari an wuce da wando mai layi biyu a gaban shago bai ce uffan ba. Ya leƙo ya tambaya, aka gaya masa a taƙaice.

"Ƙanwar matata tata fuskar ta fi wannan," in ji Tela. "Likitar fata ta gani a asibiti, yanzu sai ka rantse ba ita ba ce."

"Likita kuma? Ciwo take yi?"

"Kai ne ke ciwon, amma ita za a kai."

Baba Fes yana shirin mayar da martani sai ga matarsa ta fito da mayafi a kafaɗa, Auta na biye da ita ta rufe rabin fuska. Ashe Uwar Auta ta riga ta gama magana da matar Tela tun jiya.

"Mu mun tafi asibiti, Fes. Ko ka biyo mu, ko ka zauna da buroshinka."

Ya kulle shago ya bi su, da niyyar idan an je ya yi wa likitar bayanin yadda aikin yake, don kada ta ɓata abin da ya fara.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau rataye a wuya. Ta kunna wata 'yar fitila, ta duba fuskar Auta a hankali, ba tare da ta danna inda ya kumbura ba. Ta tambaya me ake shafa mata. Baba Fes ya gyara zama, ya zayyana aikin daki-daki, tun daga jiƙo har lemon tsami, da muryar mai jiran yabo. Likita ta saurara har ƙarshe.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Wanki da guga."

"Na yi zaton haka."

Uwar Auta ta kai mayafi baki.

"To bari in gaya maka abin da ke faruwa a nan," in ji likita, "domin ba datti ba ne. Kowace ƙofar gashi da ke fuska kamar 'yar rijiya ce, tana fitar da maiƙo don kada fata ta bushe. A shekarun Auta jiki yakan ƙara yawan maiƙon. Idan ya haɗu da matacciyar fatar da ke zubewa daga ciki, sai bakin rijiyar ya toshe. A can ƙasa kuwa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ƙwayoyin bakteriya, waɗanda maiƙon nan ne abincinsu."

"Dakata, Likita." Baba Fes ya ɗaga hannu. "A fuskar 'yata? Gidana ko ƙuda ne ya shigo sai ya goge ƙafa."

"A fuskar kowa suke, Baba. Suna tawa, suna taka."

"Tawa?" Ya shafa kumatunsa, ya dubi tafin hannun da kyau.

"Tun kana saurayi kuke tare, ba su kuma taɓa yi maka komai ba. Muddin ƙofa a buɗe take, zaman lafiya ake yi da su. Sai an toshe, iska ta daina shiga, abinci ya taru, sa'an nan su hayayyafa fiye da ƙima. To jiki yana da nasa masu gadi, su ne muke kira garkuwar jiki. Da sun sansano taron nan sai su yi kira, 'yan'uwansu su yo ca. Jini ya ƙaru a wurin, shi ne jan da kake gani. Ruwa ya taru, shi ne kumburin da zafin. Farin abin da kake matsewa kuwa, yawancinsa masu gadin ne da suka faɗi a fagen fama. Wato abin da kake gani a fuskarta faɗan ne da jiki ke yi da ƙwayoyin."

"To ai taya su na yi. Na fitar musu da abokan gaba."

"Ka fitar da kaɗan ta sama, ka fasa bangon rijiyar ta ƙasa. Sauran suka watsu cikin nama, inda ba su taɓa zuwa ba. Masu gadi suka ga abin ya girma, suka ƙaro runduna. Su ne manyan nan masu tauri. Soso da sabulun wanki sun kankare saman fatar, lemon tsami ya bi ya ƙona. A ɗaki ɗaya ake faɗa, Baba, ka zo ka rushe katangar gida."

"Na gaya masa, Likita," in ji Uwar Auta.

"Kin ce mini ba wuyan riga ba ne. Ba ki ce mini akwai sojoji a ciki ba."

Baba Fes ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya sauka a kan ɗankwalin likitar, ya kuma gane yadin nan take, yadda ya saba gane kowane yadi daga nesa. Akwai kaya iri ɗaya a shagonsa da buroshi bai taɓa kusantarsu ba. Idan aka murza su tabon yakan tafi, amma da yadin yake tafiya. Ruwan sanyi suke so, da kan yatsu, da shanya a inuwa, sauran aikin kuma a bar wa lokaci. Ya san wannan tun yana gaban kawunsa. Abin da bai taɓa kawo wa ransa ba shi ne 'yar da ya haifa ba cikin zannuwan gado take ba.

"Wato siliki ne," in ji shi a hankali.

"Ban san wankin siliki ba," in ji likita, "amma idan ba a murza shi, to siliki ne."

Ta ce a riƙa wanke fuskar da sabulu mai sauƙi da kan yatsu, safe da yamma. Ta rubuta wani man shafawa da za a riƙa sa ɗan kaɗan, wanda zai buɗe bakin rijiyoyin ya rage ƙwayoyin, da maganin sha na ɗan lokaci don a kwantar da faɗan. "Hannunka kuma, Baba, aljihu."

Sai a lokacin Auta ta yi magana. "Likita, zai warke kafin wata ya kama?"

"A'a, ba zan yi miki ƙarya ba. Zafin da kumburin za su sauka. Ƙurajen kuwa sai an yi 'yan watanni, wasu wuraren ma za su bar duhu kafin su washe."

Auta ta ja mayafinta ta sake rufe fuska.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafiya wahala a rayuwar hannuwan Baba Fes. Duk sa'ad da Auta ta gifta, sai ya ga wani ƙurji da ya yi kai, yatsunsa su ɗago da kansu, matarsa ta yi gyaran murya, su koma aljihu. Don ya sama musu aiki, ya ɗora wa kansa wankin rigunan filon Auta da ɗankwalayenta, yana ɗaurayewa har ruwan ya fito garau. Da wannan bai ishe shi ba ya goge labulen gidan kaf, ya goge tsummokaran kicin, har Tela ya soma ɓoye tsumman da yake share kekensa da shi. Ya kuma tsiri kallon madubi da safe, yana duban hancinsa da idon zargi.

Fuskar ta lafa. Jan ya ragu, tsagewar ta haɗe, manyan nan suka sace. Amma ƙananan suna nan birjik, ga kuma duhu-duhu a duk inda yatsunsa suka bi. Auta ta koma fitowa cin abinci, har tana dariya, sai dai da an ambaci otal take ɗaure fuska. Tela ya gama ɗinki, Baba Fes ya goge kayan har suna ɗaukar ido, ya rataye mata a bakin ƙofa. Ba ta taɓa su ba.

"Ke ba ki ji likita ba? Kowa yana da ƙwayoyin nan. Shugabar taku ma tana da su."

"Na kowa ba sa fitowa su gaishe da baƙi, Baba."

Ya gwada lallashi, ya gwada faɗa, ya aiko Tela, duk ba ta canja ba. Idan ya kai kaya otal aka tambaye shi Auta, sai ya ce tana shiri, ya yi sauri ya fice.

Ran da wata ya kama, Baba Fes ya tashi ya sa mafi kyawun fararen rigunansa, ya ɗaure ƙunshin zannuwan otal ya ajiye a bakin ƙofa. Auta kuwa tana zaune da kayan gida, ta ba kayan aikin baya, tana juya cokali a kofi. Uwar Auta ta zo zuba wa mijinta shayi. Matar da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa zubar da ko ɗigo ba, sai ga bakin buta ya goce. Shayi ya sauka a ƙirjin farar riga, ya bazu kamar faɗin tafin hannu.

"Ayya," in ji ta, ba tare da wata alamar nadama ba. "Cire in jiƙa maka."

Hannunsa ya riga ya kai ga maɓalli. Ya san halin shayi sarai: idan aka tsoma shi a ruwan sanyi nan take zai fita, idan kuwa ya sha rana ya bushe, to ya sami wurin zama. Ya dubi tabon. Ya dubi Auta, wadda ta juyo ta zuba ido, domin ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ya sauke hannunsa.

"Bar shi. Auta, sa kayanki, za mu makara."

"Baba, rigarka."

"Na gani."

"Haka za ka fita?"

"Haka zan fita. Ta gaban shagon Tela, ta tsakiyar kasuwa, har ƙofar gaba. Ki jera da ni, ki gani ko akwai wanda zai sami sukunin kallon haɓarki."

"Dokar fa?"

"Tana nan a kan zannuwa. Yi sauri kafin in canja ra'ayi, abin nan ƙaiƙayi yake mini."

Auta ta dube shi, dogon mutum tsaye ƙiƙam, ya ɗaga haɓa sama don kada idonsa ya faɗa kan ƙirjinsa. Dariya ta ƙwace mata. Ta tashi ta ciro kayan daga inda aka rataye su, ta shiga ɗaki, wannan karon ba ta sa sakata ba.

Tela yana buɗe shago suka fito. Ya tsaya da kwaɗo a hannu, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Jama'a, ku zo ku gani. Mai wanki ya rasa mai wanki."

"Kai dai duba kafaɗar rigar nan da ka ɗinka, ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Ƙarya kake yi, Fes. Auta, Allah ya ba da sa'a, 'yata. Ki riƙe tsohon nan da kyau, kada ya faɗi."

Haka suka ratsa kasuwa. Mai nama ya tsaya da wuƙa a sama. Matan da ke jera kayan miya suka riƙa taɓa juna. Wani direba da ya daɗe yana kawo masa wanki ya rage gudu ya tambaya ko lafiya. Baba Fes yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙunshi a kafaɗa, gumi na tsattsafo masa a goshi, yana jin rana tana gasa shayin nan cikin zare. Auta tana gefensa, mayafinta ya zame tun a bakin kasuwa, ba ta ma lura ba.

A ƙofar otal mai gadi ya nuna masa hanyar baya, kamar yadda aka saba. Baba Fes ya ce yau rakiyar ma'aikaciya ya yi. Aka buɗe musu gilashin. Shugabar ma'aikata ta tarbi Auta, ta nuna mata kujerarta da inda makullai suke, ta ɗan daɗe tana kallon rigar Baba Fes, ta dai yi kawaici. Ba a jima ba wani baƙo ya sauko yana ƙorafin ba ruwan zafi a ɗakinsa, idonsa na kan wayarsa tun daga farko har ƙarshe. Auta ta ba shi haƙuri, ta ɗaga waya ta kira mai gyara, kamar wadda ta shekara a wurin.

Baba Fes ya ɗan tsaya yana kallo. Sa'an nan ya fita ta inda ya shigo, ya kewaya ta baya, domin zannuwa har yanzu ta can suke shiga. Daga nan bai tsaya gaisawa da kowa ba sai gida, inda ya cire rigar ya tsoma ta a baho tun kafin ya cire takalmi. Ya makara. Ya yi mata duk dabarar da ya sani, amma wata 'yar inuwa ta zauna a ƙirjin, wadda sai mai wanki ne zai gane ta. Matarsa ta ce a ba da ita, ya ce a bar masa kayansa.

Bayan 'yan watanni fuskar Auta ta washe, sai wasu 'yan ramuka ƙanana a gefen muƙamuƙi, inda yatsunsa suka fi dannawa. Ita ba ta damu da su ba, shi kuwa ya san wurin kowanne. Yanzu duk matashin da ya kawo wanki da ƙuraje a fuska, sai ya sha bayanin rijiya da masu gadi ko bai tambaya ba, har da ƙarin da likita ba ta faɗa ba, a ƙarshe kuma a gargaɗe shi ya sa hannunsa a aljihu. Tela ya ce saura kaɗan a rataya masa allon asibiti.

Kowace safiya Auta takan biyo ta shago a kan hanyarta ta zuwa aiki. Baba Fes yakan ajiye dutsen guga, ya goya hannuwansa a baya, ya dube ta daga ɗankwali har takalmi. Wani lokaci akan sami sabon ƙurji ya leƙo a haɓa. Yakan gan shi, yatsunsa su motsa a bayansa.

"Fes," in ji shi, ya koma kan gugarsa.